Ranar da Gwaggon Biri Ya Riƙe Makullin Motata a Yankari

Duk wanda ya ji za ka kai iyali Yankari, zancen zaki zai fara yi maka. Surukata har tofi ta yi wa yara a ka kafin mu tashi. Zaki kuwa ko sawunsa ba mu gani ba. Waɗanda suka ci mu da yaƙi, babu wanda ya ambace su a gida.

Daga Bauchi hanyar Gombe ake kamawa, a Dindima a karya dama har ƙofar Mainamaji. A nan yara suka ɓarke da murna wai an iso. Ina! Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai sauran kilomita 40 da 'yan kai, domin gandun murabba'in kilomita 2,244 ne. Saboda haka a cika tanki tun daga Bauchi, kuma a tanadi amsar "Abba, mun kusa?" mai yawa.

Shirinmu mu taka zuwa kogwannin Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dā suka fafe a jikin dutse, waɗanda aka sa wa sunan P.J. Marshall da ya fito da labarinsu a 1980. Tafiya ce da yara za su iya, domin mota ce ke kai ku kusa, sannan ku sauka ku ƙarasa a ƙafa. Doka dai ɗaya ce, ba a shiga daji sai da jagora daga ma'aikatan gandun. Kuma sammako ake yi. Wanda ya tsaya jiran a soya ƙwai har rana ta ɗaga, shi da zafi ne, musamman a Maris da Afrilu. Lokacin hunturu ya fi sauƙi ga mai yara.

Na fito cikin shaddata ta Sallah, shuɗiya mai duhu, ta sha guga, tunda za a yi hotuna. Jagoranmu, wani dattijo cikin kaki, ya dube ni sama da ƙasa.

"Alhaji, babu wata rigar?"

"Wannan me ta yi, Malam?"

"Ba ta yi komai ba, ranka ya daɗe. Ƙudan tsando ne yake ƙaunarta."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ashe tarkon da ake kafa wa ƙudan tsando ma da shuɗi da baƙin ƙyalle ake ɗinka shi, don waɗannan launuka ne ke jawo shi daga nesa. Yana bin mota mai tafiya, da rana yake cizo, ya fi yawa a duhuwar bakin ruwa irin ta kogin Gaji, kuma bakinsa na huda yadi marar kauri. Ga taurin rai: ka kai masa mari, ya faɗi, ya karkaɗe fiffike ya dawo. Mu shida ne a motar, amma duk ƙudan da ya shigo sai ya tsallake kowa ya zo ya gaishe ni. Uwargida da ta saka hijabi ruwan ƙasa ko ɗaya bai taɓa ta ba, sai cewa take, "Sannu Alhaji, ai ka yi kyau a hoton." Kayan daji dai ruwan ƙasa ne ko kaki, mai dogon hannu, mai ɗan kauri.

Da muka sauka, sai takalma suka karɓi aiki. Ƙanin uwargida ya sayi sabon takalmi musamman don wannan tafiya, kuma sabon takalmi bai san sabo ba. Kafin rabin awa dunduniyarsa ta yi bororo. Jagora ya ce tsohon kambas da ƙafa ta saba da shi ake sakawa, da safa mai kauri, kuma da zarar ka ji wani wuri ya fara zafi, tsaya ka manna filasta tun fata ba ta tashi ba. In ta riga ta tashi, an makara. Autarmu kuwa da silifas ta zo, tsidau ya huda shi ya same ta, daga nan ta koma wuyana har ƙarshen tafiya. Ƙarangiya ta cika ƙafar wandona, domin ban cusa shi cikin safa ba. Wa ya taɓa ganin an cusa wandon shadda a safa?

Maganar ruwa lissafi ce mai sauƙi. Babba mai tafiya a rana yana buƙatar kamar rabin lita a kowace awa, yaro ƙasa da haka kaɗan, amma shi sai an riƙa tuna masa, don ba ya cewa yana jin ƙishi sai ya galabaita. Mutum shida a awa uku, wajen lita 9 ke nan. Mu lita 3 muka riƙo, sai jarkar kunun aya da muka baro a but. Kunun aya da zafi ba sa ga maciji, kafin azahar ya yi tsami. Dabarar da ta fi ita ce a daskarar da gorunan ruwa tun dare, su riƙa narkewa a hanya, a kuma jefa ƙullin gishiri da sukari a jaka: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, ko da wani yaro zai yi laushi.

Kogwannin sun cancanci wahalar. Bakin kowanne bai fi rabin mita ba, amma ciki ɗaki ne sosai, wani ma ya kai mita 4. Jagora ya fara haska tocila saboda jemagu da abin da ba a fata, sannan ya bar yara suka sulale ciki. Ni ma na ce bari in nuna musu ubansu bai tsufa ba. Kai ya shiga, kafaɗa ta shiga, tumbi ya ce shi a waje zai jira. Sai da babban ɗana ya turo daga ciki, ƙanin uwargida ya ja ƙafafu daga waje. Mutanen da suka fafe wurin nan, da gani ba sa cin tuwon dare.

Daga nan muka koma Wikki, muka gangara matakala zuwa ruwan ɗumi. Dare da rana yana nan a digiri 31, garau, kana ganin yashin ƙasa. Wani ɓangaren ya kusa mita 2 zurfi, don haka yara a gefe marar zurfi ake tsare su. Kafin in shiga na jefa makullin mota a ledar kilishi na miƙa wa uwargida. Har yau ina kan bakana cewa nan ne wuri mafi aminci.

Gwaggon birin Yankari ya san leda. A wurinsa duk abin da ke ƙara a hannun mutum abinci ne, kuma ya fi raina mata da yara. Mun hau matakala, muna dab da mota, sai wani ƙato ya fito daga bayan bishiya, bai yi gudu ba, bai yi sallama ba, ya kama ledar. Uwargida ta riƙe. Jagora ya daka tsawa: "Hajiya, sake masa!" Ta sake. Daga baya ya yi mana bayani cewa ba a ja-in-ja da shi, domin fiƙar namiji ta kai tsawon yatsa. Ba a zuba masa ido, ba a yashe masa haƙora, ba a jifansa, baya ake ja a hankali. Abinci kuwa cikin jakar goyo mai zif ake ɓoye shi, a kulle ƙofar ɗaki da ta mota da makulli, don ya iya murɗa hannun ƙofa.

Ya haye reshe ya zauna. Ya cinye kilishin har da yajin, yana kallona kamar mai bin bashi ya samu wanda yake nema. Sannan ya zaro makulli, ya shinshina.

"Malam, a yi wani abu mana!"

"Haƙuri ne, Alhaji. Abin da ba ya ciwuwa yar da shi zai yi. In ka bi shi, cikin daji zai kai maka."

Ya kai baki ya gartsa. Mota ta ce kwik, ta buɗe. Ya sake gartsawa, ta kulle. Yara suka fara tafi. A cizo na uku ya samu maɓallin but, murfi ya ɗaga, ga kula da ledar gurasa a fili. Ban san daga ina suka fito ba, sai ga dangi gaba ɗaya, mata da goyo, matasa, har da wani tsoho mai ɗingishi. Aka yi layi a bayan motata ana rabo, mu masu kaya muna tsaye daga nesa mun harɗe hannu bisa umarnin hukuma.

Makullin ya faɗo bayan kamar minti ashirin, jage-jage da yawu, robar maɓallan ta tafi. Gurasa ta tafi, dabino ya tafi, kula na kwance a ƙasa babu murfi. Uwargida ta ce, "Alhaji, wa ya ce ka saka makulli a leda?" Na ce, "Hajiya, wa ya ce ki riƙe leda a fili?" Jagora ya ce shi ba alƙali ba ne.

Jarkar kunun aya kaɗai ta tsira. Tsohon nan mai ɗingishi ya kwance murfin, ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ajiye mana abinmu.