Kada Mu Tsallake Alhamis da Juma'a

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku. Ga shi mun shiga Mako Mai Tsarki, wanda yake farawa da Lahadin Ganyen Dabino, yake kuma rufe azumin kwana 40 da muka ɗauka tun daga Larabar Toka. Ista takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, shi ya sa makon yake riskarmu a Zariya cikin zafin bazara.

Akwai abin da yake damuna a kowace shekara. Ranar Lahadin dabino majami'u sukan cika maƙil daga Wusasa har Sabon Gari da Samaru, yara suna kaɗa ganye suna rera Hosanna, ranar Ista ma haka, an sha sabon ɗinki, an yanka kaji. Amma ranar Alhamis da yamma sai ka tarar da bencina wayam, in ban da dattawa da 'yan Zumuntar Mata, alhali a wannan dare ne Ubangiji ya kafa Jibinsa, wato cin gurasa da shan ƙoƙo domin tunawa da shi.

Mu buɗe Yohanna sura 13, tun da Littafi Mai Tsarki yana hannunmu da Hausa tun 1932, babu mai uzurin harshe. Yesu ya tashi daga cin abinci, ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya shiga wanke ƙafafun almajiransa. Duk wanda ya taɓa takawa da silifa daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka a irin wannan lokaci ya san yadda ƙafa take komawa, ga ƙura, ga kaushi, ga faso, kuma wanke ta aikin bawa ne a wancan zamani. Abin da ya fi girgiza ni shi ne ƙafafun da suka shiga daron nan. Akwai na Bitrus, wanda zai yi musun saninsa sau uku kafin carar zakara, akwai kuma na Yahuza, wanda ya riga ya yi ciniki a kan azurfa 30, Ubangiji yana sane sarai, bai kuwa tsallake shi ba.

Ranar Juma'a gwamnati takan ba da hutu, wasunmu sai su mai da shi ranar wanki da cefane. A ranar ce gwamna Bilatus ya miƙa Yesu aka gicciye shi a Golgota, duhu ya rufe ƙasa daga tsakar rana har ƙarfe 3 na yamma. Waɗannan sa'o'i sun cancanci mu ajiye waya, mu zauna a sujada.

Ɗan'uwa, idan akwai wanda ka daina gaisawa da shi saboda gado, ko bashi, ko wata magana da ta fito a taron majami'a, ka je gidansa da ƙafarka kafin yammacin Alhamis, ka yi sallama, ka zauna ku yi magana, sa'an nan ka zo ka karɓi gurasa da ƙoƙo.