Ɗaliban da ke ƙera DNA: ku rage buri, ku ƙara farantin shaida

Duk shekara ɗaliban jami'a kan haɗa tawaga su shiga binciken ƙera halitta, fannin da ake harhaɗa guntayen DNA a cusa wa bakteriya ko yis don su yi aikin da aka tsara musu. Gasar iGEM ce ta fi jawo matasa wannan fage. Ta faro a matsayin ɗan gajeren kwas a jami'ar MIT ta Amurka a 2003, ta zama gasa a 2004 da tawaga biyar kacal, yanzu kuwa ɗaruruwan tawagogi ne ke haɗuwa a birnin Paris. Ina goyon bayan shigar ɗalibai ɗari bisa ɗari. Abin da ke damuna shi ne yadda tawagogi da yawa ke kashe makonni suna zana tsari mai ƙwayoyin gado bakwai ko takwas a kan allo, har lokaci ya ƙure ba su tabbatar da ko guda ɗaya ba.

Mu yi lissafi. Ranar farko a yanka DNA, a ɗinke, a cusa wa bakteriya. Ranar biyu a tsinci ɗigon bakteriya da ya tsiro a faranti a sa shi ya kwana a ruwan abinci. Ranar uku a tatso filasmid, wato ɗan zoben DNA da ke ɗauke da aikin, a aika a karanta jerinsa, sannan a jira. Zagaye ɗaya kusan mako guda ke nan, idan komai ya tafi daidai, kuma a hannun sabon shiga da wuya ya tafi daidai a karon farko. Tawagar da ke da mako goma tana da dama kamar goma. Shi ya sa nake ganin guntu biyu ko uku sun isa: makunni ɗaya, wato guntun DNA da ke kunna ƙwayar gado, ƙwayar gado ɗaya mai ba da alama kamar haske, sai awo mai kyau. Tawagar jami'ar Edinburgh ta 2006 ta yi suna ne da tunani mai sauƙi, bakteriya da ke sauya tsamin ruwa idan akwai gubar arsenik a cikinsa.

Inda lokaci ya fi salwanta shi ne wajen cusa DNA cikin bakteriyar E. coli, alhali matakan ba su da yawa. A narkar da ƙwayoyin bakteriyar da aka tanada a kan ƙanƙara, maikrolita 50 a kowane bututu, a zuba maikrolita 1 zuwa 5 na DNA, a bari minti 30 a kan ƙanƙara. A tsoma a ruwa mai zafin digiri 42 na daƙiƙa 30 zuwa 45, a mayar kan ƙanƙara minti 2, a ƙara ruwan abinci marar maganin kashe bakteriya, a jijjiga awa ɗaya a digiri 37, sannan a shafa a faranti mai maganin, inda ƙwayoyin da suka ɗauki filasmid mai garkuwa ne kaɗai ke tsira. Wannan awa ɗayar ita ce masu gaggawa ke tsallakewa. Da maganin ampisilin wani lokaci a tsira, amma da kanamaisin ko kuloramfenikol dole ƙwayar ta samu lokacin haɗa garkuwarta kafin ta gamu da maganin, in ba haka ba washegari faranti wayam.

Shi ma maganin yana da nasa sharaɗi. Ana sa ampisilin maikrogiram 100 a kowace mililita, kanamaisin 50, kuma sai narkakken aga, wato abincin da ke daskarewa a faranti, ya huce zuwa wajen digiri 50 ake zubawa, domin zafi na lalata shi. Farantin ampisilin da ya wuce awa 16 a ɗumi zai fito da ƙananan ɗigo kewaye da manya. Waɗannan ƙananan ba su ɗauke da komai. Manyan ne suka cinye maganin da ke kusa da su, su kuma suka samu wurin tsirowa. Wanda ya tsince su ya yi asarar kwana uku.

To a nan ne nake roƙon malamai masu kula da tawaga su tsaya kai da fata: kada a yi gwaji ko ɗaya ba tare da farantan shaida guda uku ba. Na farko ƙwayoyi ne ba DNA. Idan wani abu ya tsiro, maganin ya mutu ko gurɓata ta shiga. Na biyu ƙwayoyi da sanannen filasmid kamar pUC19. Idan bai tsiro ba, ƙwayoyin ne suka lalace, ɗinkin ba shi da laifi. Na uku zoben da aka yanka aka ɗinke ba tare da guntun da ake son sakawa ba. Idan ya cika da ɗigo kamar farantin gwajin, zoben ne ya rufe kansa. Faranti uku ne kawai, amma su ke raba tsakanin sanin inda matsala take da yin mako biyu ana lalube cikin duhu. Sau da yawa ma laifin ruwan da ke raka enzayim mai ɗinki ne, wato furotin da ke haɗa guntayen DNA, domin sinadarin ATP da ke cikinsa yana lalacewa idan ana ta narkarwa ana daskararwa. A raba shi ƙananan bututu tun ranar farko.

Masu bin tsarin BioBrick, wato wata ƙa'idar harhaɗa guntayen DNA, su duba jerinsu a kwamfuta kafin su yi odar DNA. Tsarin ya dogara da enzayim huɗu masu yanka, EcoRI, XbaI, SpeI da PstI, kuma idan wurin yankan ɗayansu ya ɓoye a tsakiyar ƙwayar gadon, za a datse ta gida biyu. Duban minti biyar ne.

Wani abin da ba a cika gaya wa ɗalibai ba: bakteriya ba ta son ɗaukar kaya. Idan makunnin ya yi ƙarfi, ƙwayar da tsarinta ya lalace ta fi sauran saurin hayayyafa, cikin 'yan kwanaki sai ta mamaye bututun, hasken da ake aunawa ya dusashe. Don haka da zarar an karanta jeri an ga daidai ne, a gauraya ƙwayoyin da gilisarin kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari, a adana a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, a rubuta suna da kwanan wata a jikin bututu da cikin littafin aiki. Kowane sabon awo daga nan za a ɗebo.

Awon ma a yi shi da ɗigo uku daban-daban, a raba ƙarfin haske da yawan ƙwayoyin da ke cikin ruwan, a cire hasken da ƙwayoyi marasa filasmid ke bayarwa, tunda ruwan abincin kansa yana ɗan ƙyalli. Duk faranti da bututun da ya taɓa ƙwayar da aka sauya wa gado kuma, sai ya shiga tukunyar turiri a digiri 121 na aƙalla minti 20 kafin ya bar ɗakin gwaji, kuma a sa sunan mai wannan aiki a jadawalin kowane mako.