Yadda na raɗa wa angon taubashiyata suna

Ranar da na dawo daga bautar ƙasa, Baba ya zaunar da ni a zaure ya tambaye ni abin da na sa a gaba. Na gyara zama na ce, "Baba, moshin girafiks zan yi." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "A wace ma'aikatar?"

Na shiga bayani. Na ce rubutun nan da yake gani yana shigowa yana juyi kafin a fara labarai a talabijin, da tambarin kamfani da ke tsalle a talla, ai mutum ne ke zama ya motsa su. Baba ya ce, "To shi rubutun, in an bar shi a tsaye ba ya karantuwa ne?" Da yamma na jiyo shi a majalisa yana gaya wa abokansa wai ina harkar kwamfuta, da irin muryar da ake cewa yaro na kwance amma da sauƙi.

Digirina a labarin ƙasa ne. After Effects kuwa, manhajar da ake wannan aiki da ita, a YouTube na koye shi da datar dare, a ƙauyen da aka tura ni koyarwa. Jarina kaf wata laftof ce ta hannu mai ƙaramin ƙarfi, RAM 4GB kacal, batirinta ba ya kai minti 40, fankarta in ta tashi sai ka rantse markaɗe ake yi a ɗakina.

Aikin farko Gwaggo ce ta kawo. Za ta aurar da autarta, tana son katin gayyata na bidiyo irin wanda ta gani a wayar ƙawarta. Na zagaya na ce ai irin wannan aiki akwai cin data. Ta ce, "Ɗan nan, ni da na goya ka?" A nan ciniki ya ƙare.

Na nemi sunan ango, ta ce in dakata tukun, danginsa ba su tsayar da magana ba ko Alhaji za a sa ko Injiniya ko duka biyun. Sai na rubuta SUNAN ANGO a gurbin, a farkon bidiyon da kuma ƙarshensa, inda sunayen ma'auratan ke haɗuwa cikin wata zuciya ta zinare.

Wanda bai san aikin nan ba gani yake maɓalli ɗaya ake dannawa. Ina! Kowane harafi sai ka nuna wa kwamfuta inda yake a daƙiƙa ta farko da inda kake so ya je a ta biyu, ita ta cike tsakani. Kifirem muke ce wa waɗannan alamomi. In ka bar shi haka, harafin zai taho a sandare ya ci birki kamar ɗan adaidaita ya hango fasinja. Sai ka danna maɓallin F9 sannan ya koyi tafiyar mutunci, ya taso a hankali ya tsaya a hankali. Kwana uku na kwashe kan ƙurar zinaren da ke zuba a bayan zuciyar nan kawai. Na so ƙurar nan, Allah ya sani.

Gwaggo ta kalli somin farko ta ce ya yi duhu. Na haska, ta ce a sa fure. Na sa fure, ta ce furen bai yi kalar anko ba. Aka kawo sunan ango, Alhaji Injiniya aka tsayar, na sa. Sai kuma aka ce a ƙara tattabaru biyu. Fayilolina suka koma karshe, karshe2, karshen_karshe, da wallahi_karshe.

Saura randa, wato kwamfuta ta zana hotunan ɗaya bayan ɗaya ta ɗinke su su zama bidiyo. Daƙiƙa 30 ne, kowace daƙiƙa hoto 30, jimla 900. Tawa baiwar Allah kowane hoto sai ta ci daƙiƙa 20 a kansa, awa biyar ke nan. Ga shi watan Afrilu a Kano. Na ɗora ta kan ledojin fiya wata masu sanyi guda huɗu, na ɗauki ƙanena aikin fifita a kan naira 200.

Tana kan hoto na 730 aka ɗauke wuta.

Na yi lissafi a tsaye: saura kusan awa guda, batir kuwa bai kai ba. Na sungume ta a buɗe na yi waje ba takalmi, hannu biyu kamar mai tallan ƙwai, ƙanena na biye yana fifita a guje don kada kuɗinsa ya tafi. Wani dattijo maƙwabcinmu ya tare mu yana salati, yana tambayar wa za a kai asibiti. Mai cajin waya na bakin titi ya kasa kunne ya ji kukan fankar, ya ce wannan kuɗin waya biyar zan biya. Na zauna kan bencinsa kusa da janareta har aka gama, na tura wa Gwaggo wajen sha ɗayan dare. Ta amsa da "Allah ya yi albarka", ta watsa shi duk wani guruf da take ciki, har na tsofaffin 'yan makarantarsu.

Ana idar da sallar asuba wayata ta fara ruri. Saƙon murya na farko na amarya ne, ban iya rarrabe kuka take ko dariya ba. Na buɗe bidiyon na ja shi ƙarshe. Ga tattabaru, ga fure kalar anko, ga ƙurar zinare tana zuba gwanin sha'awa, ga sunan amarya ya taho cikin natsuwa ya haɗu da na masoyinta: SUNAN ANGO.

Ashe Gwaggo ba ta taɓa wuce daƙiƙa goman farko ba. Ni kuwa na kalli ƙarshen nan ya fi sau ɗari, amma ƙurata nake kallo.

Na gyara, na sake awa biyar, na tura. Ko mutum ɗaya bai tura gyararren gaba ba. Ranar ɗaurin aure, ana shafa fatiha maroƙi ya ɗaga murya: "Ina Alhaji Injiniya Sunan Ango? Allah ya ja zamanin Sunan Ango!" Abokansa har da masu riƙe ciki. Da aka nuna masa ni, ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba, yana murmushi yana matsawa har yatsuna suka yi ƙara. Ladan aikina kular shinkafa ce da ledar alkaki. Baba ya ɗauki alkaki ɗaya, ya gutsura, ya ce, "Da ka bar rubutun a tsaye, da ka karanta shi."

Makon jiya amarya ta sauka, an samu namiji. Gwaggo ta kira ni, katin gayyatar suna take so, na bidiyo. Na ce to a ba ni sunan jaririn. Ta ce, "Kai ɗan nan, wa ke faɗin suna kafin ranar suna? Bar gurbin tukun."