Matar da ta yi yaji daga ƙungiyar da ta kafa

Jiya wani ɗalibi ya tarar da ni ina jera littattafai a kantar laburare, ya ce, "Malam, wai wannan ma sai an yi masa digiri?" Ban ce masa komai ba, na ja shi sashen addini. A tsarin Dewey na jera littattafan laburare bisa lambobi, wanda ya fara fitowa a 1876, daga lamba 220 zuwa 289 duk na Baibul ne da Kiristanci. Musulunci kuwa, da tafsiri da hadisi da tauhidi da sira, an cusa su a 297. Shi ya sa lambar da muke mannawa a gadon bayan littafin hadisi take tsawo kamar lambar waya. Wani ne ya zauna ya yanke wannan rabon, da irin idon da yake kallon duniya.

Wannan ne ya sa nake ganin girman Ingetraut Dahlberg, wata Bajamushiya. A 1974 ta fara fitar da mujalla kan rarraba ilimi, a 1977 ta jagoranci kafa ƙungiyar masana fannin a Jamus. Sannu a hankali masu lissafi da ƙididdiga suka cika gidan, su da ke ganin kwamfuta za ta iya ware abubuwa rukuni-rukuni ta hanyar auna kamanninsu. Ita kuma ta tsaya kai da fata cewa ma'ana ake fara bi: mene ne abin, me ya haɗa shi da wancan, me ya raba su. Da ta ga baƙi sun fi masu gida, sai ta tattara nata ya nata. A watan Yulin 1989, a Frankfurt, ita da abokan ra'ayinta suka kafa ISKO, ƙungiyar duniya ta tsara ilimi. Shekara na zagayowa suka yi babban taron farko a Darmstadt.

Wasu za su ce rigimar malamai ce kawai, kowa na son kujera. Wataƙila da ɗan hakan, ɗan Adam ne. Amma ni ina bayanta. Na'ura za ta ƙirga maka sau nawa kalmar "sunna" ta fito a littafi, ba za ta ji ciwon an matse ilimin ƙarni goma sha huɗu a lamba ɗaya ba.

Ɗalibin nan dai ya daɗe yana kallon kantar, sannan ya ce, "To Malam, wa ke da ikon canzawa?" Na ce ya dawo gobe, yau akwai kwali biyu da ban buɗe ba.