Jininmu yana fitar da haske, amma ba irin wanda ake sayar mana ba

Jama'a, jinin ɗan Adam yana fitar da haske. Haske na zahiri nake nufi, sai dai rauninsa ya kai ido ba ya ganinsa, sai da na'ura a ɗaki mai duhu dunɗum.

A 1972 wani mai bincike a Amurka, Robert Allen, da abokan aikinsa suka nuna cewa fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil suna haskawa lokacin da suke haɗiye ƙwayar cuta. Sukan zuƙi iskar oksijin da yawa, su mayar da ita sinadarai masu ƙuna da ke kashe bakteriya, to a cikin wannan artabun ne ɗigon haske ke tsirtowa. Wannan yana taɓa ni ƙwarai. Akwai yaran da ake haifa da wani ciwon gado da ke hana ƙwayoyin nan haɗa sinadaran. In an gwada jininsu hasken ba ya tashi, su kuwa kullum cikin maruru da ciwon huhu suke. Allah Ya ba su lafiya.

Fata ma tana yi. A 2009 Masaki Kobayashi da abokansa a Japan sun ɗauki hoton samari biyar a cikin duhu, suka ga hasken ya gaza abin da ido ke iya kamawa sau dubu. Ya fi yawa a fuska, ya fi rauni da hantsi, ya kai ƙololuwa wajen la'asar.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu ɗaukar wannan ilimi suna cin kasuwa da shi. Wata innata ta je wani shago, aka ba ta ƙarfe ta riƙe, wai kwamfuta na karanta "hasken jininta". Cikin minti biyu aka jero mata cututtuka, aka sayar mata da kwalaben magani da kuɗin adashinta. Haba! Hasken da masana ke toshe kowace kafa kafin su hango shi, ta yaya za a auna shi a shago da rana tsaka, ƙofa a buɗe? Ko a asibiti, jinin ake ɗiba, a ƙara masa sinadarin luminol don hasken ya ƙaru.

Da muka kai ta asibiti aka ɗibi jinin aka ƙirga ƙwayoyinsa, ashe ƙarancin jini ne ke sa ta jiri.