Pink Floyd a faifai biyu: yanka ne ko ɗinki?

Wani dattijo Bature da muke aikin dare tare a nan Leeds ya ga faifan "Echoes", tarin zaɓaɓɓun waƙoƙin ƙungiyar mawaƙan Ingila Pink Floyd, a gaban motata ranar da na rage masa hanya. Ya juya shi gaba da baya, ya yamutsa fuska, ya ce wannan ba Pink Floyd ba ne, guntattaki ne aka tattara don a ci kuɗin mutane. Ni kuwa fam biyu na saye shi a shagon kayan gwanjo, kuma da shi na fara sanin ƙungiyar. Tun ranar muke musu.

Hujjarsa tana da ƙarfi, ban musa ba. Pink Floyd ba masu waƙa ɗaiɗai ba ne. Faifansu na 1973, "The Dark Side of the Moon", an gina shi ne yadda kowace waƙa ke shiga cikin ta gabanta ba tare da numfasawa ba. A can, "Time" na ƙarewa sai muryar Clare Torry ta tashi a "The Great Gig in the Sky", ba kalma ko ɗaya, kuka ne zalla. A wannan tarin na 2001 kuwa an raba su, ɗaya a faifan farko, ɗaya a na biyu. Ita kanta waƙar "Echoes", wadda ta cinye gefe guda cur na faifan "Meddle" a 1971 da minti 23, an datse ta zuwa kusan 16. Dattijon ya ce kamar a yanke wa doki wutsiya ne a ce an yi masa kwalliya.

To amma ni ɗan kaset ne. A Zariya na tashi, inda za ka kai wa mai kaset C90 ka ce ya zuba maka Shata da Ɗan Maraya, shi kuma ya zuba iya abin da zaren ya ɗauka. Kana cikin jin daɗin amshi sai ƙas, gefen ya ƙare, ka juya ka tarar da wata waƙar daban. A shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna ma, sau nawa mai gabatarwa ya sauke waƙa tun ba ta yi nisa ba don ya karanto gaishe-gaishe? Ba mu taɓa cewa an ci mutuncin Shata ba. Da guntun nan muka haddace shi, daga baya mai so ya nemo cikakkiyar. Mu waƙa muke bi, su kuma faifai suke bi, bambancin ke nan.

Kuma abin da dattijon bai so ya yarda da shi ba, wannan tarin ba aikin mai kaset ba ne. Waƙa 26 ne, ba a jera su bisa shekarun fitowarsu ba, injiniyansu James Guthrie ya ɗinka bakin kowace da ta gaba har ka rasa inda aka haɗa. Kana cikin "High Hopes" ta 1994, mai nauyi kamar damina, sai ka tsinci kanka a "Bike" ta 1967, waƙar wasa mai ƙarewa da hayaniyar agogo da ƙararrawa. Shekara 27 tsakani, amma kunne ba ya tuntuɓe.

Abin da ya fi burge ni shi ne gurbin da aka ba Syd Barrett. Shi ne jagoransu na farko, shi ya kawo kiɗan nan mai juya kai kamar mafarkin zazzaɓi da ya cika Landan a 1967. Bai daɗe ba hankalinsa ya taɓu, abin da ake yawan dangantawa da ƙwayar LSD, ya bar ƙungiyar a 1968, ya koma Kambirij ya rufe kansa har rasuwarsa a 2006. Da kuɗi kawai ake nema, da an cika faifan da waƙoƙin da suka yi kasuwa a shekarun 1970. Sai ga shi da waƙarsa aka buɗe, da tasa aka rufe, an kuma saka "Arnold Layne" da "See Emily Play", waɗanda a Ingila ba a cikin babban faifai suka fara fitowa ba. Wanda ya san Pink Floyd ta "Another Brick in the Wall" kaɗai, a nan zai gane cewa daga hauka-hauka suka faro.

Inda na bi dattijon wuri ɗaya ne: datse "Echoes". Tsakiyarta, inda jita ke kuka kamar tsuntsayen teku a cikin duhu, wuri ne da sai an daɗe a ciki kafin dawowar kiɗan ta yi daɗi. Da na ji cikakkiyar, sai ta faifaina ta zama kamar tuwon da aka sauke bai gama sulala ba.

Makon jiya ya zo aiki da leda, ya miƙo min "Meddle" nasa na asali, faifan garmaho mai faɗin faranti, ya ce in je in ji yadda aka yi ta. Ba ni da garmaho. Yana nan jingine da bango a bayan firij, ni kuma ina ta ɗaga wa dattijon hannu daga nesa don kar ya tambaye ni.