Ku daina ɗora wa dodon fadama laifin kisa

Abin da ke ba ni haushi da masu sharhin wasannin bidiyo shi ne, duk sanda aka zo zancen binciken kisan kai a fadama mai cike da camfi, wasan Gabriel Knight suke kambamawa, su ture Detective Grimoire gefe wai zanen yara ne. Sun ɗauki abin a baibai.

Gabriel Knight, wanda kamfanin Sierra ya fitar a 1993, yana farawa da kyau. Ga gawa a bakin tafkin Pontchartrain da ke New Orleans ta jihar Luwiziyana a Amurka, ga alamun tsafi a ƙasa, 'yan sanda na cewa duk burga ce. Kana zaune kana harhaɗa hujjoji, kana jiran a kai ka ga mai laifi. Sai a ƙarshe a ce maka ai tsafin gaskiya ne, ruhin wata mata ce da ta mutu ƙarnoni da suka wuce ke juya ƙungiyar masu kisan. To wahalar da ka sha ta mece ce? Tun 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, ya jera ƙa'idoji 10 na labarin bincike, ta biyu kuwa ta haramta shigo da ikon gaibu. Dalilin a fili yake: in aljani zai iya ratsa bango, sawun ƙafa da kullen ƙofa ba su da sauran amfani.

Sannan a dubi camfin wane ne aka mayar abin tsoro. Addinin Vudu ne na baƙaƙen fatar Luwiziyana, har wasan ya bi sawunsa zuwa Benin, mai ceto kuma jikan wani gidan Jamusawa ne masu farautar miyagu. Masu kare wasan za su ce wadda ta tsara shi ta yi bincike mai zurfi a kan Vudu. Ta yi, sai ta ɗauki binciken ta ƙawata tsohon zargi da shi.

Detective Grimoire na kamfanin SFB Games, wanda ya fito a 2014, bai yi wannan ha'incin ba. An kashe Richard Remington, mai wurin yawon buɗe ido na Boggy's Bog, kowa kuma ya nuna dodon fadamar da yatsa, wato Boggy, wanda aka shekara 60 ba a gani ba. Kana fara zagayawa za ka lura wurin duk da sunan dodon yake cin abinci: gidan tarihi, shagon tsaraba, wurin shan shayi. Hazo da caɓi da gadojin katako suna nan, tsoron ma yana nan, amma wasan ba ya barin ka fake da shi. Dole ka jera abin da ka gani cikin jimla mai ma'ana kafin ka matsa gaba, jimlar kuwa ga hannun ɗan Adam take kai ka. Tambayar da yake cusa maka ita ce, wa zai ci riba idan aka yarda dodo ne?

Mu da muka san yadda ake far wa tsohuwa da zargin maita don yaro ya yi zazzaɓi ya kira sunanta, bai kamata mu raina wannan tambayar ba. Sau nawa ake tsayawa a binciki mai zargin, ko gonar da ke tsakaninsu?

Masu cewa wasa ai nishaɗi ne kawai, su je su buga na harbi. Masu tsara wasanni kuwa su riƙe fadamarsu da camfinsu, babu wanda ya hana su, amma su bar mai kisan ya zama mutum mai dalili da za a iya gurfanarwa gaban alƙali. Masu sharhi kuma su riƙa buga wasa har ƙarshe kafin su yanke masa hukunci da launin zanensa.